Asibitin da aka cire min mahaifa: abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

Asibitin kuɗi ne na mata a Kano, gidan sama ne da aka mayar asibiti, gadajensa ba su da yawa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yabo da ƙorafi a haɗe zan kawo su. A nan aka cire min mahaifa saboda ƙari, wanda yawancin mutane suka fi sani da faiburod. Tun da na miƙe mata ke tare ni a makarantar da nake koyarwa, a gidan biki, har a waya, tambayarsu ɗaya: wurin yana da kyau? Amsata ita ce likitansu ya ci kuɗinsa da halal, ɗakin tiyatarsu ma ba ni da ta cewa a kai, amma ofishin kuɗi da masu aikin dare sai a hankali.

Shekarata 45 a lokacin, yarana huɗu, autan yana firamare. Jinin al'ada da na saba yi kwana biyar ya koma yana wuce kwana goma, da gudaji. Audugar mata babba ba ta kai ni ƙarshen darasi na biyu sai na haɗa da tsumma, kuma duk da haka ba na tashi daga kujera a ofishin malamai sai kowa ya watse. Lissafin haila da istihala ya dagule min. Fitsari kuwa ba dare ba rana. Ga kwaɗayin tauna ƙanƙara da farar ƙasa, wanda ashe alamar ƙarancin jini ce. Ciki ya turo har maƙwabta suka fara yi min "Allah ya raba lafiya". Yayata ta kawo min jarkar jiƙo daga wajen wani mai talla a rediyo da ke cewa yana narkar da ƙari a sati uku. Na shanye tas, hoton da aka ɗauka bayan nan bai nuna ya ragu da komai ba.

Abu na farko da za ki tarar a wurin shi ne jira. Za a ce ki zo ƙarfe huɗu, alhali likitan da safe yana aikin gwamnati, ba ya shigowa sai la'asar sakaliya, ga mata cike da benci. Ki tafi da sallayarki da ruwan shanki. Sai dai wurin tsaf yake, banɗakin akwai ruwa da buta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda aka ce ta cika mara da ruwa kafin a yi mata sikanin. Mai ɗaukar hoton mace ce, ba ta da yawan magana, amma ta juyo min da allon ta nuna min abin da take aunawa.

Abin da ya sa nake tura mata can shi ne zaman da na yi da likitan. Kafin shi na ga wani a wani wuri, ya kalli takardar hoto bai ko ɗago ba ya ce tiyata ce, in je in ji kuɗi. Wannan kuwa ya juya bayan takarda ya zana mahaifa, ya nuna min cewa ƙarin tsoka ce ta mahaifar kanta take dunƙulewa, kuma wurin zamansa ya fi girmansa muhimmanci. Akwai mai turowa cikin ɗakin mahaifa, shi ne ya fi kawo zubar jini ko da ƙarami ne. Akwai mai zama cikin bangonta. Akwai mai fitowa ta waje, yana danne mafitsara ko hanji, wani lokacin jini ko ɗigo ba ya ƙarawa. Nawa suna da yawa, babban santimita 11 a cikin bango, wani kuma ya lanƙwasa ɗakin mahaifar. Gaba ɗaya ta kai girman cikin wata biyar. Gwajin yawan jinin jikina ya nuna 24, alhali mace mai lafiya daga 36 take farawa.

"Likita, kansa ce?" Abin da na fara tambaya ke nan.

"A'a Malama, ƙari irin wannan ba kansa ba ne, da wuya ƙwarai a samu mugu a cikinsu. Amma a shekarunki da wannan jinin, sai na ɗebi samfuri daga bangon mahaifa da bakinta an duba kafin mu yanke komai."

Ya ce min abin ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma ya fi saurin kama su da ƙuruciya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa kafin shekara 50 fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi, farare kuma kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san da shi ba, domin bai dame su ba, kuma wanda bai dami mai shi ba ba a taɓa shi.

Daga nan ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a yi a asibitinsa. Ta farko ita ce haƙuri. Sinadaran da gidan ƙwai ke fitarwa su ke ciyar da ƙarin, idan al'ada ta ɗauke yakan motse da kansa. To amma yawancin mata sai wajen shekara 50 take ɗauke musu, ni kuwa da jini 24 ba ni da shekara biyar ta jira. Akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha a kwanakin jini, tana rage zubar amma ba ta taɓa ƙarin. Akwai robar mahaifa ta Mirena, tana yi wa mata da yawa aiki, sai dai ya ce a mahaifar da ɗakinta ya karkace irin tawa ba ta cika zama ba, tana iya faɗowa. Sai allurar Zoladex da ake yi a fatar ciki duk wata, tana tsayar da al'ada ta kuma rage girman ƙarin. Ba a son a wuce wata shida ana yin ta saboda tana cin ƙashi, kuma da an daina ƙarin yake komawa yadda yake. Amfaninta shi ne ta ba jiki sarari ya tara jini kafin aiki.

Ya daɗe a kan aikin cire ƙarin a bar mahaifa, domin ya ga nan hankalina ya karkata. Ya ce ga mai neman haihuwa shi ne hanya, kuma yana yin sa kusan kowane sati. Amma ya fi cire mahaifa zubar da jini idan ƙarin suna da yawa, har sai an ɗaure ƙasan mahaifar da roba lokacin aikin don a rage. Kuma duk mai sa hannu a kansa tana sa hannu ne a kan cewa in jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar don a ceci ranta. Wadda ta samu ciki bayansa sau da yawa ta tiyata ake ce mata ta haihu. Ya ce kamar noman gona ne da damina: ka nome ciyawar da ka gani, ƙananan da ido bai kai ba su taso daga baya. Wasu matan sai an sake buɗe su, kuma buɗewa ta biyu ta fi wuya saboda hanji da mahaifa sukan manne da tabon farko.

Har ya ambaci hanyar toshe jijiyar da ke kai wa ƙarin jini, wadda likitocin Faransa suka fara bayyanawa a 1995. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, babu yanka ciki, mace ta koma gida da wuri. Ya ce shi ba ya yi, in ina so sai in nemi masu yi a Legas ko Abuja, da tsada, kuma akwai waɗanda duk da haka suke ƙarewa a ɗakin tiyata bayan wasu shekaru. Mutumin da zai kwatanta miki hanyar da kuɗinki zai tafi aljihun wani, ni dai na yarda da shi.

Da ya zo kan cire mahaifa sai ya dubi maigidana ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan ba mu minti biyar." Bayan ya fita ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, kina son ƙarin haihuwa? Ba abin da gida ke so nake tambaya ba." Na ce masa na gode wa Allah da huɗun nan, abin da nake so shi ne in tsaya gaban allo ba tare da jiri ba. Bai ce min yi ko bari ba. Ya haɗa min takardun gwajina duka ya ce in je in yi shawara, in ma ina so in kai su Asibitin Malam Aminu Kano in ji ta bakin wani likitan, ba zai ji haushi ba.

Shawarar ce ta fi aikin wahala. Surukata da ta ji sai ta ce, "Ke 'yar nan, mace ba mahaifa ai ta tashi daga mace." Wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce miji yana ganewa, in shirya wa kishiya. Wata ta ce gemu zai fito min. Na kwashe su duka na kai wa likita a zama na biyu, ina jin kunya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, da alama ya saba. Ya ce sinadarin da ke riƙe wa mace jikinta daga gidan ƙwai yake fitowa, kuma nawa lafiyarsu ƙalau, ba zai taɓa su ba. Al'ada za ta tsaya, ciki ba zai ƙara shiga ba, amma ba zan faɗa zafin jikin ɗaukewar al'ada washegari ba kamar wadda aka cire wa duka. Ya ƙara da cewa a wasu matan gidan ƙwan yakan ɗan yi saurin gajiya bayan aikin, bai ɓoye ba. Maganar shimfiɗa kuma ya ce bayan sati shida in an warke babu abin da ya hana, mata da yawa ma sun fi samun sauƙi tunda ciwo da jini sun tafi. Bakin mahaifa ya ce gara a haɗa da shi, domin wadda aka bar mata nata dole ta ci gaba da gwajin kansar bakin mahaifa. Haɗarin aikin ma ya lissafa: zubar jini, ƙwayoyin cuta a ciwo, raunata mafitsara ko hanyar fitsari, daskarewar jini a ƙafa. Maigidana ya tambayi malaminsu, aka ce larura ce, babu laifi.

Takardar sa hannu tana da gurbin miji. Na tambaya, in da ya ƙi fa? Likita ya ce hannuna shi ne hannu, na Alhaji shaida ce. Sai dai ita ma'aikaciyar da ta kawo takardar, maigidana ta fara miƙa wa biro, ni tana ba ni baya.

Wata uku na yi a kan Zoladex da maganin ƙarin jini. Ta faɗo min a watannin zafin Kano, sai ki ji wuta ta taso daga ƙirji zuwa fuska cikin dare, zufa ta jiƙa matashi. Amma jinin ya tsaya cak, gwaji ya hau 33, cikin ya ja baya har likita ya ce zai iya yanka a kwance a ƙasan mara maimakon a tsaye.

Yanzu ga ofishin kuɗi. An ba mu jimla ɗaya a baki, aka ce ta haɗa komai. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na haɗa da kwasar adashi, maigida ya cika. Ba sa karɓar inshorar lafiya ta ma'aikatan jiha, wannan sun faɗa tun farko, ban riƙe su da shi ba. Abin da na riƙe su da shi shi ne "komai" ɗin nan da ya yi ta haihuwa. Gwajin jinin masu ba ni jini daban. Kayan aikin ɗakin tiyata daban. Kai mahaifar ɗakin bincike daban, kuma wannan sai ina kwance da ciwo aka kawo takardarsa. Ƙannena biyu suka ba da leda biyu, ɗaya aka ƙara min, ɗayar ba wanda ya ce mana ga inda ta shiga. Na'urar POS kullum babu sabis, sai a ce a tura ta wani asusu mai sunan mutum, rasit kuma sai ka bi shi. Kuɗin da aka ƙara bai kai ya karya mu ba, amma akwai matar da na ga mijinta tsaye a bakin tagar nan yana kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Ki ce a rubuta miki kowane abu da farashinsa a takarda mai hatimi kafin ki biya ko sisi.

Ranar aikin komai ya tafi daidai. Daga sha biyun dare ba ci ba sha. Sun tayar da janareta kafin a shiga da ni, ba su jira wuta ta ɗauke ba. Allurar baya aka yi min, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, ina jin maganarsu sama-sama. Mai ba da allurar yana tsaye a kaina, duk bayan ɗan lokaci ya ce, "Hajiya, muna tare?" Wajen awa biyu aka gama. Kamar yadda aka saba, an fito da abin a roba an nuna wa dangi, yayata har ta ɗauki hoto, ni dai ban kalla ba sai da na yi wata guda.

A gadon da ke kusa da nawa akwai yarinya 'yar shekara 28, aurenta shekara huɗu ba haihuwa, ɓari biyu. Ita ƙarin kawai aka cire mata, likitan nan ɗaya, rana ɗaya da ni. Ta fi ni shan wuya a kwanakin farko, leda biyu aka ƙara mata, amma ta fita da mahaifarta. Mahaifiyarta ta ce min a wani wurin an ce musu sai dai a cire duka. Da likitan mai son sauƙin kansa ne, da aikin da ya yi min ya yi mata, domin nawa ya fi saurin gamawa.

Dare kuwa Allah ya kyauta. Nas ɗaya ce a benen gaba ɗaya, ƙararrawar gefen gado ado ce. A daren farko ruwan da ake ƙara min ya ƙare, jini ya fara hawa cikin robar, allurar ciwo ta wuce lokacinta, yayata ta sauka ƙasa da fitilar waya ta taso ta daga barci. Da ta zo ba ta ba da haƙuri ba, cewa ta yi, "Ai kowa da ciwonsa a nan." Sha biyu na yi ake kashe janareta, a bar ki da ƙwan fitila ɗaya, fanka a tsaye, ga sabon ɗinki ga zufa. Da safe na faɗa wa likita. Ransa ya ɓaci, daren biyu kuwa nas biyu aka ajiye, allura a kan lokaci. Wato ana iyawa, ba a yi ne sai an yi magana. Kada ki kwana a wurin ba tare da mai jinya mai ido buɗe ba, wadda ba ta jin nauyin buga ƙofa.

Masu aikin rana ba ruwansu da wannan. Babbar sistar, wata dattijuwa, ita ta cire min robar fitsari washegari ta ce, "Tashi 'yata, kwanciya ba ta warkar da wannan." Na ji kamar in yi kuka, amma ta riƙe ni muka taka zuwa ƙofa muka dawo, tana gaya min tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa. Kowace safiya tambayarta ta farko a gaban kowa ita ce ko iska ta fita, don sai hanji ya motsa ake ba da shayi, sannan kunu. Ban taɓa zaton zan yi murnar ba da wannan amsa ba.

Da sallama babu takardar bayani ko ɗaya, a baki aka faɗa min komai ina tsaye ina haɗa kaya: kar in ɗauki abu mai nauyi sati shida, ko bokitin ruwa, kar a gasa min ciwon da ruwan zafi kamar mai jego, in na ga zazzaɓi ko jini ko ciwon na ruwa in dawo nan take. Mai fita daga tiyata rabin abin da aka faɗa mata take riƙewa, buga wannan a takarda ɗaya da Hausa ba zai ci musu komai ba. Likitan dai yana amsa saƙon WhatsApp, ko da sai dare. Sakamakon binciken mahaifar sai da maigida ya yi ta sintiri kafin ya fito, ya nuna ƙari ne kawai.

Yau jinina 38. Ina hawa benen makaranta ba hutawa, na daina neman ƙanƙara, azumin bana na yi shi cif ba ramuwa. Tabon ya kwanta, sai ɗan wurin da har yanzu ba na jin taɓi sosai a samansa. Akwai kwanakin da na yi ina jin wani irin babu daɗi a raina a watan farko, ko da yake ba haihuwar nake so ba, kuma babu wanda ya gargaɗe ni da wannan a asibitin. Ya wuce. Gemu bai fito ba, surukata ta daina dubawa.

Ba kowace mai ƙari nake ce wa ta bi sahuna ba. Wata abokiyar aikina 'yar shekara 39 ta zo min a firgice da takardar hoto, an ce mata tana da shi. Na tura ta can. Ta yi jira har aka kira magariba, ta fito tana mita. Likitan ya duba ya ga guda ɗaya ne, santimita 3, a wajen mahaifa, jininta 37, al'adarta ba ta canza ba. Ya ce mata ba ta bukatar magani balle wuƙa, ta dawo bayan wata shida a sake aunawa. Kuɗin kati da na sikanin kaɗai ta biya.